Haƙoran Mushe Wada

"Ku bi a hankali, kada wata ta taka!" in ji Hinda, tana tsugune a gefen hanya tana tona yashi da yatsu.

'Yan matan ƙungiyar ƙwallon kwando ta lisensu, wato makarantar sakandaren Magaria, sun bazu a bakin hanyar Dungass cikin shuɗɗan rigunan wasa, kowace kai a sunkuye kamar masu kalar gyaɗa. Abin da suke nema haƙora ne guda biyu, na roba, na gaba, mallakar kocinsu Mushe Wada (Mushe da Faransanci, kamar a ce Malam). Tun daga Magaria yake shan rake a gaban mota yana tofar da tuka ta taga. Suna wuce Dantchiao kaɗan ya yi wata tofarwa mai ƙarfi, sai aka ga ya dafe baki yana bubbuga kafaɗar direba. Kafin direba ya gane abin da ake nufi ya taka birki, an riga an yi nisa.

"Tanti Hinda, ga ɗaya!" Sadiya ta ɗaga wani farin abu sama.

"Ke, wannan tsakuwa ce."

"Wallahi ta yi kama. A gwada masa mana."

Dariya ta ɓarke. Zahara'u, kyaftin ɗinsu, ta zube a yashi tana riƙe ciki. Wani mai amalanken shanu ya tsaya ya tambayi abin da ya ɓace, aka rasa mai ba shi amsa, don duk wadda ta buɗe baki sai dariya ta sake ƙwace mata. Shi kuwa mai haƙoran yana tsaye a jikin mota, ya rufe rabin fuskarsa da hankici, idanunsa kaɗai ke zagin mutane.

Hinda ma ta dara, amma tata dariyar ba ta kai ciki ba, domin ta san ba haƙora kawai suka faɗi ba. Mushe Wada bai taɓa koyar da ƙwallo da baki ba. Ɗan Sassumbrum ne, a bayan tumaki ya tashi, kuma da fiton da yake kora garke da shi yake tafiyar da 'yan matan nan. Dogon fito, kowace ta koma gida ta tsare kwandonsu. Gajeru biyu, a miƙa wa Sadiya a ƙarƙashin kwando. Wanda ya hau sama ya karye, Zahara'u ta jefa. Fiton yana ratsa ganga da ihu ya isa kunnen yarinya tana can ƙarshen fili. Har sauran makarantu suka laƙaba musu suna garken Wada, su kuwa ko a jikinsu, tunda garken yana cin wasa. To fiton nan ta tsakanin haƙoran gaban nan biyu yake fita.

Ga shi yau ba ranar wasa da wasa ba ce. Wadda ta ci tsakanin Magaria da Dungass ita za ta tafi Zinder neman kofin jiha. Ga kuma maganar da ta hana Hinda sukuni tun farkon shekara: Mushe Wada zai ajiye aiki bana, kuma har yanzu ba a san wanda zai gaje shi ba. Mutum biyu ne a layi. Akwai Mushe Muhsin, sabon malamin motsa jiki, mai difilom daga Yamai da ɗan farin allo da ba ya rabuwa da shi. Akwai ita Hinda, mai kula da ɗalibai a lise, wadda ta yi wa Mushe Wada wasa tun tana 'yar siririya, ta girma ta dawo tana ɗaukar masa jarkar ruwa, tana ɗaure wa yara ƙafa, tana bin gidaje roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su zo horo. Tana son aikin nan, so na gaske, wanda ko wa mahaifiyarta ba ta faɗa duka ba.

Dirakta Abdulmajid, shugaban lise, ya ce zaɓi na Mushe Wada ne, shi sa hannu kawai zai yi. Mushe Wada kuwa maganarsa ɗaya ce: wanda bai iya fito ba, ba zai riƙe yaran nan ba. Saboda haka aka wayi gari manyan mutane biyu suna koyon fito a ɓoye. Muhsin a bayan ajin kimiyya yake nasa. Hinda a bayan ɗaki take nata, in mahaifiyarta ta fita unguwa, don tsohuwar ta rantse mace mai fito aljanu take gayyata. Har yau ba ta gayyato ko aljani ɗaya ba, yawu kawai ke fita.

Dirakta ya leƙo ta tagar mota ya buga agogonsa da yatsa. "Jama'a, in muka makara za a ba su wasan a kyauta. A shiga mota. Mushe, ka yi haƙuri, Allah ya mayar da alheri."

Sun tarar Dungass ta cika ta batse. Filin siminti ne a tsakiyar makaranta, maza a gefe guda da masu kalangu, mata a ɗaya gefen sun shimfiɗa tabarmi har da masu sayar da ƙosai. 'Yan matan Dungass suna da wata doguwa, Huraira, wadda in ta ɗaga hannu sai ka ce kwandon za ta sauke ta duba.

Aka jefa ƙwallo sama, wasa ya fara. Zahara'u ta ƙwace ta zura da gudu, ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta iso gaban kwando ba kowa a gabanta. Sai ta tsaya cak, ta karkata kunne. Mushe Wada ya sauke hankici, ya cika ƙirji da iska, ya matse leɓe. Abin da ya fito wani huci ne irin na tayar keke da ta yi faci, tare da ɗan yayyafi a kan allon Muhsin. Zahara'u na nan tsaye tana jira har Huraira ta zo ta karɓe ƙwallon daga hannunta, a tsanake, kamar saƙo aka ba ta.

Haka aka yi ta yi. Yaran da suka gagari kowa a Magaria suka koma kamar baƙi a kasuwa, su riƙe ƙwallo su yi ta waige-waige. Muhsin ya kasa jurewa, ya zaro usur daga aljihu ya busa. Fili duka ya tsaya, har 'yan Dungass, har masu kalangu. Alƙalin wasa ya tako a hankali, ya miƙa hannu.

"Mushe, a filin nan usur ɗaya ne, kuma ga shi a wuyana. Kawo."

Ya karɓe, ya kuma ba Dungass jifa kyauta. Muhsin ya koma ihu da Faransanci, jijiyoyin wuyansa duk a waje, amma kalangu ya cinye muryarsa tun kafin ta tsallaka layi.

A nan ne dabara ta faɗo wa Hinda, ta zo mata da ƙarfi har sai da ta miƙe tsaye. Fito ya gagare ta, amma guɗa fa? Kaf unguwarsu ba a kai amarya sai an aiko a kira ta. Guɗarta gadon kaka ce, in ta saki ana ji daga tasha. Ta nemi a tsayar da wasa, ta tara yaran.

"Ku saurara da kyau. Doguwar guɗa, ku koma gida. Gajeru biyu, Sadiya. In na ja ta sama na katse, Zahara'u ki jefa. Kun gane?"

Yaran suka dubi juna, suka fara ƙyalƙyalewa. Mushe Wada ya zaro ido ta saman hankici. Dirakta ya buɗe baki zai yi magana, alƙali ya busa.

Wallahi abin ya yi. Hinda ta kama hanci ta saki gajeru biyu, ƙwallo ya isa hannun Sadiya, ya shige kwando. Ta ja ɗaya sama ta katse, Zahara'u ta jefa daga nesa, raga ta motsa. Ta saki doguwa, yaran suka kwasa gida a guje kamar an kore su. Tazara ta fara raguwa. Hinda ta ji kanta ya yi fiffike. A ranta har ta fara zaɓar launin rigar da za ta sa a Zinder, har ta hango kanta tana gaisawa da manya.

Abin da ta manta shi ne ba macen da za ta ji guɗa mai daɗi ta bar ta ta tafi ita kaɗai. Wata tsohuwa a kan tabarma, ba da wata mugunta ba, daɗi ne kawai ya kama ta, ta kama hanci ta amsa. Ta kusa da ita ta karɓa. Mai ƙosai ta ajiye matsami ta sa tata. Kafin a ce me, ɓangaren mata gaba ɗaya ya ɗauka, dogaye da gajeru, masu hawa da masu sauka.

Yaran Magaria kuwa an koya musu biyayya. Biyu suka ruga gida, biyu suka ruga gaba, suka yi karo a tsakiya. Zahara'u ta jefa daga tsakiyar fili, ƙwallo ya sauka a kan rufin aji. Sadiya, da ta ji gajeru biyu alhali ƙwallon yana hannunta, ta rasa wadda za ta ba, sai ta miƙa wa alƙali. Da matan Dungass suka lura guɗarsu ce ke juya baƙin, ai sai suka gyara zama. Mutane suka fara shigowa daga kasuwa suna tambaya gidan wa ake biki, wani dattijo ma ya tsaya kusa da Dirakta yana son a nuna masa ango.

Aka tafi hutun rabin lokaci Dungass tana gaba da nisa. Dirakta ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Madam Hinda, sunan makaranta muka kawo nan. Don Allah guɗar nan ta isa haka."

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta san aikin ya tafi, ta kashe shi da bakinta a gaban gari guda. Abin mamaki, da ta tabbatar da haka sai ta ji wani sauƙi, irin na wanda ya sauke kaya. Ta tsuguna a tsakiyar yaran, suna haki suna shan ruwa, wasu hawaye wasu dariya.

"Zahara'u, in tambaye ki. Ɗazu da kika tsaya a gaban kwando, ba ki san jefawa za ki yi ba?"

"Na sani, Tanti."

"Da ma in Mushe zai yi fito, kina sanin wanda zai yi?"

"Kullum. Ina ganin Sadiya ta buɗe tun kafin ya busa. Sai dai in jira."

"Jiran me?"

Zahara'u ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. "In an yi fito na ɓata, ai ba ni na ce ba. In ba fito kuwa, ni ce."

Sauran suka gyaɗa kai. Mushe Wada yana zaune a benci kusa da su, ya ji komai, bai motsa ba.

"To ku ji," in ji Hinda. "Yau duk wadda ta ɓata, ni ce na ɓata. Kun ga dai har daga kasuwa an zo kallona. Ba wata kunya da za ku jawo mini wadda ban riga na jawo wa kaina ba. Ba fito, ba guɗa. Abin da kuka gani ku yi, kuma ku buɗe baki ku yi wa juna magana, ba kurame ba ne ku." Ta juya. "Mushe Muhsin, don Allah nuna musu yadda za su yi da doguwar can. Ni ta fi ƙarfina."

Muhsin ya goge allonsa da hannun riga ya zana musu: ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta, kada a bari ƙwallo ya iso ta tun farko. Zanen ya fita tsaf, yaran suka gane nan take.

Da aka koma, Hinda ta zauna a benci ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta. Ba ta taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Zahara'u ta yi jifa ta ɓata, ta juyo ta dubi benci a tsorace. Hinda ta daki ƙirjinta da haɓa, alamar nawa ne, ta ɗauke kai. Sadiya ta yi mugun miƙo, Dungass ta ƙara biyu. Matan tabarma suka gwada guɗa, suka ga ba wadda ta juya, suka gaji suka koma kan ƙosai.

Sai wata murya ta tashi a fili. "Sadiya, bayanki!" Zahara'u ce. Wata ta amsa, "Ni nan, ni nan, ba kowa!" Hinda ta shekara nawa tare da yaran nan, ba ta taɓa jin muryarsu a cikin wasa ba. Ashe Sadiya masifaffiya ce. Ashe 'yar ƙaramarsu Ruma'isa, wadda aikinta kawai ta kawo ƙwallo ta miƙa, tana da baki kamar rediyo. Suka matse Huraira gaba da baya har ta fara yi wa nata mutanen tsawa. Kwando ya shiga, wani ya bi, wani ya sake bi.

Ana cikin haka sai ga direba ya kutso ta cikin jama'a yana washe baki, da wani abu a dunƙule cikin takardar biredi. Ya durƙusa kusa da Mushe Wada.

"Mushe, albishirinka. Ashe ba su fita ba, tsakanin kujera da ƙofa suka maƙale."

Hinda ta gani da gefen ido. Ta san in fito ya dawo yaran za su koma jira, amma a lokaci guda ta ji daɗi, don har yanzu Dungass ce a gaba kuma lokaci ya kusa ƙarewa. Mushe Wada ya ɗauraye haƙoran da ruwan jarka, ya goge da hankici, ya ɗago su zuwa baki. Daidai nan Zahara'u ta ƙwala wa Sadiya kira, ta yi kamar za ta ba ta, 'yan Dungass biyu suka bi, ita kuwa ta juya ta zura ta ɗaya gefen ta saka. Wannan ba ya cikin fito ko ɗaya. Hannun tsohon ya tsaya a iska. Ya daɗe a haka yana kallon fili, sannan ya dunƙule hannun a hankali, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Saura ƙiris a tashi, Dungass na gaba da ɗaya, ƙwallo a hannun Magaria. Duk wanda ya san garken Wada ya san Sadiya ko Zahara'u za a nema, kuma 'yan Dungass sun sani, suka rufe su ruf. Ruma'isa ta tsinci kanta ita kaɗai a gefe da ƙwallo a hannu. Tun da ta shiga ƙungiyar ba a taɓa yin fiton da ke nufin ta jefa ba, babu shi ma sam. Ta dubi hagu, ta dubi dama.

"Ke dalla jefa!" in ji Sadiya daga ƙarƙashin hammatar Huraira.

Ta jefa. Ƙwallon ya daki ƙarfe, ya yi tsalle, ya zagaya baki kamar mai shawara, ya faɗa ciki. Alƙali ya busa tashi.

Hinda ba ta san lokacin da ta isa tsakiyar fili ba. Yaran suka haye ta suka kayar, ana ihu ana kuka. Muhsin yana ta tsalle da allo a ka. Mushe Wada ya manta da hankici, ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya, giɓinsa a buɗe kowa na gani. Tsohuwar nan ta tabarma, duk da garinta aka ci, ta kasa haƙuri ta saki guɗa guda mai kyau.

Sai da aka natsu, ana loda jarkoki a mota, Dirakta ya tara manyan uku a gindin wata bishiyar bedi. Fuskarsa sai ƙyalli take.

"Zinder, jama'a! Mushe Muhsin, allon nan ya yi aiki. Madam Hinda, to, Allah ya rufa asiri." Ya juya ga tsohon. "Mushe, yau sa'a muka taka, amma Zinder ba a zuwa da sa'a. Gobe da safe ka tafi wajen mai haƙori a sa maka sababbi, fiton nan ya dawo kafin ranar. Maganar magaji kuma a bar ta sai an ɗauko kofi."

Hinda ta dubi ƙasa. Ta san gaskiya Dirakta ya faɗa a nasa ganin, kuma ta san haƙoran ma suna aljihun Mushe Wada, ba sai an je ko'ina ba.

Mushe Wada ya yi gyaran murya. Maganarsa ta farko ke nan tun Dantchiao, tana fita da iska-iska. "Dirakta, mai haƙorin nan nawa gare shi. Ba zai gama kafin Zinder ba."

"Haba Mushe, yini ɗaya fa yake yi."

"Nawa ba zai gama ba."

Direba, da ke ɗaure kaya a saman mota, ya leƙo zai yi magana. Tsohon ya ɗaga kai ya yi masa kallo ɗaya, direba ya koma kan igiyarsa. Hinda ta dubi aljihun rigar, inda ɗan tudun yake, ta ɗago ta dubi mai rigar. Idanunsa sun yi ja, kuma ba rana ce ta sa ba. Tausayinsa ya kama ta.

Ya sunkuya ya ɗauki jarkar ruwan da ta saba ɗauka, ya saɓa a kafaɗa.

"Koci," ya ce mata, "gobe ƙarfe nawa kike son mu zo?"